Darasin lissafi: daga Yamai zuwa Jidda, kilomita nawa ne, awa nawa ne?

A wani ƙauye cikin ƙasar Azagor, gundumar Dakwaro, jihar Maraɗi, akwai rumfar karatun manya. Bayan la'asar ake haɗuwa, in an dawo daga rijiya, an ɗaure dabbobi. Ɗaliban manoma ne da makiyaya. Ran nan ɗaya daga cikinsu ya zo da wata takarda a ninke cikin aljihu. Mahaifinsa ne zai tafi aikin hajji. Sai da aka sayar da shanu kafin kuɗin kujera su cika. Tsohon ma ya biyo ɗansa, ya zauna a bakin tabarma, ya jingine sandarsa.

Ga abin da aka rubuta a takardar, wajen tafiya:

NIM, ranar 12, 01h30
JED, ranar 12, 09h00

Ga kuma na dawowa:

JED, 10h00
NIM, 13h30

Ɗalibin ya miƙe, ya karanta da ƙarfi, yana jin daɗi. Ya ce: "Malam, na gane. Ranar 12 ga wata Baba zai tashi, ƙarfe ɗaya da rabi. In ya isa Yamai da safiyar ranar, ya wadatar. Ya yi wanka, ya yi azahar, ya shiga jirgi. Abu guda ne ya ɗaure mini kai. Daga ɗaya da rabi zuwa tara, awa bakwai da rabi ke nan. Amma dawowa, daga goma zuwa sha uku da rabi, awa uku da rabi kawai. Mi ya sa?"

Tsohon ya yi murmushi, ya ce: "Ai ko jaki in ya fuskanci gida ya fi sauri."

Aka yi dariya. Malamin bai yi dariya sosai ba, domin ya ga kuskure biyu cikin wannan karatu. Na biyun ba ya da haɗari, damuwa kawai zai kawo. Na farkon kuwa, da an bi shi, da jirgi ya tashi ya bar tsohon a ƙasa, ga shanu an riga an sayar. Sai malamin ya goge allo, ya ce yau wannan takarda ce darasi.

BAƘAƘE UKU-UKU

Kowane babban filin jirgin sama na duniya yana da suna na baƙaƙe uku. Kamar shaidar da makiyayi yake yi wa raƙuminsa ce: kowa ya gani ya san mai shi. NIM shi ne filin jirgin Diori Hamani na Yamai. JED shi ne filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, wanda aka buɗe a 1981. MED Madina ce. Filin Maraɗi MFQ ne, na Damagaram ZND, na Agadas AJY, na Tawa THZ, na Kano KAN.

Waɗannan baƙaƙe su ake liƙa wa jaka. Wanda ya iya karatu ya duba da idonsa kafin jakarsa ta wuce. In Madina za shi, ya ga MED.

AGOGON TAKARDA

A ƙauye ana cewa ƙarfe biyu na rana, ƙarfe biyu na dare. Takardar jirgi ba ta rubuta rana ko dare. Tana ƙidaya awa 24 a jere, daga tsakar dare har tsakar dare. Baƙin h da ke tsakiya yana raba awa da minti.

Wannan ba sabon abu ba ne ga mutumin Nijar. A kasuwar Dakwaro takardar kuɗi tana cewa 500, baki yana cewa ɗari. Takarda tana cewa 100, baki yana cewa dala ashirin. Kowa ya saba, ba mai ruɗewa. Haka agogo yake. Takarda tana cewa 14h00, baki yana cewa ƙarfe biyu na rana.

Ga dabarar. In lambar ta wuce 12, a ɗebe 12, abin da ya rage shi ne ƙarfe na rana, ko na yamma, ko na farkon dare:

13h30: 13 - 12 = 1, wato ɗaya da rabi na rana
17h00: 17 - 12 = 5, wato biyar na yamma
21h30: 21 - 12 = 9, wato tara da rabi na dare

In lambar ba ta kai 12 ba, ba a ɗebe kome. Tsakanin tsakar dare ne da tsakar rana.

To, ga inda ɗalibin ya faɗa rami. 01h30 ba ta kai 12 ba. Ke nan ƙarfe ɗaya da rabi na dare ne, lokacin da gari ya yi tsit, zakara bai yi cara ba. Kuma a lissafin takarda, sabuwar rana tana shiga ne da ƙarfe 12 na dare. Ranar 12 da 01h30, daren ranar 11 ne, wayewar garin 12. Wanda ya iso Yamai da safiyar 12, jirgi ya daɗe da tashi. Ƙila ma ya kusa sauka.

Da malamin ya kai nan, rumfa ta yi shiru. Tsohon ya dubi ɗansa, ya ce: "Sake duba shi da kyau." Ɗan ya sake dubawa. Haka ne.

HANYAR ƘASA DA HANYAR SAMA

Tsakanin gari da gari nisa iri biyu ne. Akwai wanda mota take bi, akwai wanda tsuntsu yake bi.

Motar da ta bar Maraɗi za ta Yamai tana bi ta Tsibiri, Gidan Rumji, Madawa, Galmi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Hanya tana lanƙwasa, ta hau arewa, ta sauko kudu, tana neman garuruwa. In an auna, kusan kilomita 660 ne. Amma daga filin jirgin Maraɗi zuwa na Yamai, a miƙe, bai wuce kilomita 540 ba. Bambancin:

660 - 540 = 120

Kilomita 120 sun tafi cikin lanƙwasa. Kusan nisan Dakwaro zuwa Maraɗi ke nan.

Yaya ake gane nisan hanyar sama? Da taswira da zare. Kowace taswirar kirki tana da ma'auni a gefe. A ce ma'aunin ya nuna santimita 1 a takarda daidai yake da kilomita 100 a ƙasa. A ɗora bakin zare kan Yamai, a ja shi har Maraɗi, a auna zaren. Za a samu santimita biyar da kusan rabi. A ninka da 100, an samu nisa.

Ga tafiya mai tsawo, taswirar da aka shimfiɗa a bango tana yin ƙarya kaɗan. Duniya ƙwallo ce. Wanda ya ɓare lemu ya so shimfiɗa ɓawon a kan tabarma, dole ɓawon ya tsage ko ya miƙe. Haka masu zanen taswira suke fama. Shi ya sa aka fi son a ja zaren a kan taswira mai siffar ƙwallo, irin wadda ake gani a teburin wasu makarantu.

In an yi haka, daga NIM zuwa JED kusan kilomita 4000 ne. Lamba ce mai daɗin riƙewa, domin kewayen duniya duka kilomita dubu 40 ne. Alhajin da ya tashi daga Yamai ya sauka Jidda ya ci kashi ɗaya cikin goma na kewayen duniya. Zuwa Madina ya ɗara kaɗan, wajen kilomita 4100.

Akwai abin mamaki cikin wannan zare ga mutanen Azagor. Da ya bar Yamai sai ya yi gabas, yana ɗan karkata arewa. Ya bi ta arewacin Dakwaro, ba nisa da ƙasarsu. Ya wuce arewa da Tanut, ya bi ta kan duwatsun Termit, ya shiga hamadar Cadi, ya shiga arewacin Sudan, ya tsallake kogin Nil, ya tsallake Bahar Maliya, sai Jidda. Wato maniyyacin Azagor yana yin yamma a mota har Yamai, sa'an nan jirgi ya maido shi gabas, ya bi da shi kusa da sararin gidansu. Daga Maraɗi zuwa Jidda ma kilomita 3500 ne kawai. Amma babban jirgi mai ɗaukar ɗaruruwan mutane yana son titin sauka mai tsawo, wajen kilomita uku, da wurin shan mai, da ma'aikatan duba fasfo. Yawancin alhazan Nijar daga Yamai suke tashi.

A RABA NISA DA GUDU

Wanda ya san nisa, ya san gudun abin hawa, zai iya fitar da lokaci. Ƙa'idar guda ce, ga jaki, ga mota, ga jirgi:

nisa : gudu = lokaci

Makiyayi ya san wannan tun kafin ya riƙe alli. In rijiya tana kilomita 12, shanu suna cin kilomita 3 a awa, ya san awa huɗu ne, ko da bai rubuta ba.

12 : 3 = 4

Babbar motar fasinja, in an haɗa da tsaye-tsaye, tana cin wajen kilomita 65 a awa. Maraɗi zuwa Yamai:

660 : 65 = 10, da ɗan saura

Awa goma ke nan, in ba a yi faci ba.

Babban jirgin sama, in ya gama hawa ya daidaita, yana cin kilomita 850 zuwa 900 a awa. Yana tafiya a bisa ƙwarai, mita dubu 10 ko fiye, inda sanyi yake kai digiri 50 ƙasa da sifiri. A can iska ba ta da kauri, ba ta tare shi sosai, ba ya shan mai da yawa. Amma wajen hawa da wajen sauka ba ya wannan gudu. Don haka a lissafi ya fi kyau a ɗauki 800.

4000 : 800 = 5

Awa biyar. A ƙara rabin awa, domin jirgi yana tafiya a ƙasa kafin ya kai bakin titi, wani lokaci ya jira a ba shi izini, wani lokaci ya kewaya kafin ya sauka. An samu awa biyar da rabi.

Kilomita 800 a awa, a minti guda ya fi kilomita 13. Kafin mutum ya gama shan kofin shayi guda, jirgi ya ci abin da raƙumi yake yini yana ci.

Ga wani misali mai saura, domin nan ne ɗalibai suka fi tuntuɓe. Ƙaramin jirgi mai farfela, irin wanda ake zirga-zirgar cikin ƙasa da shi, yana cin wajen kilomita 450 a awa. Yamai zuwa Maraɗi:

540 : 450 = 1, saura 90

Wani ɗalibi ya yi sauri ya ce awa ɗaya da minti 90. A'a. 90 ɗin kilomita ne da suka rage, ba a mai da su minti ba tukuna. Jirgin yana cin 450 cikin minti 60. 90 kuwa kashi ɗaya cikin biyar ne na 450. Kashi ɗaya cikin biyar na minti 60 shi ne minti 12. Amsa: awa ɗaya da minti 12. Da tashi da sauka, a ce awa ɗaya da rabi. Mota kuwa awa goma.

A riƙe wannan da kyau: awa minti 60 ce. Ba ta cika 100 kamar sauran ƙidaya. Rabin awa 30 ne.

AWA BIYU DA SUKA ƘARU, AWA BIYU DA SUKA RAGU

Yanzu saura tambayar ɗalibin. Lissafi ya ba da awa biyar da rabi. Takarda ta nuna bakwai da rabi wajen zuwa, uku da rabi wajen dawowa. Wa ya yi kuskure?

Ba wanda ya yi. Malamin ya tambayi rumfa: cikin watan azumi, tsakanin mutanen Maraɗi da mutanen Yamai, su wa suke riga shan ruwa? Kowa ya sani. Maraɗi ce take rigaya, da wajen minti 20. Mutanen Difa kuwa suna riga na Yamai da wajen minti 40. Dalili, rana daga gabas take fitowa. Wanda yake gabas shi yake riga ganin fitowarta, shi yake riga ganin faɗuwarta.

Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24. Masana sun raba kewayenta gida 360, kowane gida sunansa digiri.

360 : 24 = 15

Kowace awa duniya tana juya digiri 15. Kowane digiri ɗaya minti 4 ne. Maraɗi tana gabas da Yamai da digiri 5.

5 x 4 = 20

Ga minti 20 na shan ruwa sun fito. Cikin ƙasa guda ba a canza agogo saboda wannan ɗan bambanci. Nijar duka agogo ɗaya take bi, daga Tera har Ngigmi, kuma shi ne na Najeriya da Cadi. Amma Jidda tana gabas da Yamai da digiri 37. Bambancin ya yi yawa. Saboda haka agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu. In ƙarfe 7 na safe ne a Azagor, a Makka ƙarfe 9 ne.

Takardar jirgi kuwa kullum da agogon garin take magana. Lokacin tashi, agogon garin da aka tashi. Lokacin sauka, agogon garin da aka sauka. Ga yadda abin yake wajen zuwa:

tashi daga Yamai: 01h30, agogon Nijar
a ƙara awa 5 da minti 30: 07h00, agogon Nijar
a ƙara awa 2: 09h00, agogon Saudiyya

Wajen dawowa:

tashi daga Jidda: 10h00, agogon Saudiyya
a ƙara awa 5 da minti 30: 15h30, agogon Saudiyya
a ɗebe awa 2: 13h30, agogon Nijar

Zaman kujera ɗaya ne, zuwa da dawowa. Mai zuwa gabas ya ƙara, mai zuwa yamma ya ɗebe.

Don a tabbata an gane, ga wata tafiya. Daga Yamai zuwa Paris, babban birnin Faransa, kusan kilomita 3950 ne. Kusan ɗaya ke nan da nisan Jidda. Amma Paris tana arewa sak da Yamai, ba gabas ba. Lokacin sanyi agogon Faransa da na Nijar ɗaya ne. Jirgin da ya tashi 01h30 zai sauka wajen 07h00 a takarda, ba ƙari ba ragi. Faransawa suna tura agogonsu gaba da awa guda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sai a ƙara awa ɗaya cikin waɗannan watanni.

Wannan lissafi yana da amfani ga waɗanda aka bari a gida. Iyalin tsohon, in sun dubi takarda, za su zauna jiran ƙarfe 9 kafin su sa rai ya sauka. Alhali tun ƙarfe 7 na Azagor yana ƙasa. Haka kuma mai kiran alhaji a salula ya tuna: ƙarfe 10 na dare a nan, tsakar dare ne a can, mutum ya gaji ya kwanta. Shi ma alhajin, da saukarsa ya tura agogon hannunsa gaba da awa biyu. Salula da yawa suna gyara kansu, agogon hannu ba ya yi. Wanda Jidda zai sauka da niyyar wucewa Makka kai tsaye, a sama jirgi yake ratsa daidai miƙati, kusa da ƙarshen tafiya. Gara ya shirya haraminsa tun daga Yamai, kada sanarwa ta riske shi kayan suna cikin jakar da ke ƙarƙashin jirgi.

ABIN DA YAKE ƁATA LISSAFI

Awa biyar da rabi lissafin allo ne. Sama tana da nata hali.

Na farko iska. Mai keke ya san bambancin iskar gaba da iskar baya. A can bisa akwai iska mai ƙarfi. In jirgi yana gudun 850, iskar baya mai gudun 50 ta tura shi, ya zama 900. In ta gaba ce, ya koma 800. A tafiyar kilomita 4000 wannan yana kai fiye da rabin awa tsakanin zuwa da dawowa. A nan maganar tsohon tana da ɗan ƙamshin gaskiya, ko da yake ba son gida ne yake tura jirgin ba.

Na biyu, jirgi ba ya bin zare daidai. Sama ma tana da hanyoyi, da masu ba da hannu. A Nijar da ƙasashe da yawa na Afirka, hukumar ASECNA ce take wannan aiki. An kafa ta a 1959, kuma ɗaya daga cikin makarantunta tana Yamai. Ma'aikatanta suna magana da matuƙi ta rediyo, su gaya masa inda zai bi da bisan da zai tsaya, don kada jirage biyu su haɗu. Wani lokaci ma hanya tana rufewa ɗungum. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilu 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Jiragen alhazan Afirka ta Yamma na wannan shekara sai da suka yi zagaye. Tafiya ta ƙara tsawo, mai ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru.

Na uku hazo. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan rufe gari har matuƙi ya kasa ganin titi. Sai a jinkirta tashi, ko a sauka wani gari. Da damina kuma hadari ne ake kewayewa.

Na huɗu yada zango. Jirgin da ya tsaya wani birni ya sha mai ko ya ɗauki mutane, a ƙara masa awa ɗaya ko biyu. In kuwa canza jirgi za a yi, jiran yakan fi tafiyar tsawo. Takarda mai layi biyu wajen zuwa, jirgi biyu ne. A karanta kowane layi dabam.

LISSAFI DA BAYA-BAYA

Malamin ya ce saura aiki mafi girma: yaushe tsohon zai bar gida? Wannan daga ƙarshe ake faro shi, a dawo baya.

Jirgi zai tashi 01h30, daren 11 wayewar 12. Ba a zuwa filin jirgi daidai lokacin tashi. Akwai awon kaya, duba fasfo, duba katin rigakafi, ga mutane ɗaruruwa a layi. A ba wannan awa huɗu, in hukumar aikin hajji, wato COHO, ko kamfanin da ya yi wa mutum hidima ba su faɗi wani lokaci da ya riga haka ba. In sun faɗa, nasu ake bi. Awa huɗu kafin 01h30 shi ne 21h30 na ranar 11, bayan isha'i kaɗan.

Motar Maraɗi zuwa Yamai awa goma ce. Wanda ya shige ta da asubar 11 zai iya isa da la'asar. Amma wannan wasa da wuta ne. Taya guda ta fashe, ko injin ya yi zafi a Dogon Dutsi, shi ke nan. Mai hankali ya ba kansa kwana guda a tsakani. Ya bar Maraɗi ranar 10.

Kafin Maraɗi akwai Dakwaro, kusan kilomita 120, ta Kornaka. Kafin Dakwaro akwai hanyar rairayi daga ƙauye, a babur ko a amalanke, ko a jira motar ranar kasuwa. Wannan yini guda ne. Ke nan ranar 9 tsohon zai yi sallama da gida.

Ɗalibin ya rubuta cikin littafinsa: 9, Azagor zuwa Maraɗi. 10, Maraɗi zuwa Yamai. 11, hutu, da dare filin jirgi. 12, Jidda. Ya duba, ya girgiza kai. Kwana biyu a ƙasa don kilomita wajen 800. Awa biyar da rabi a sama don kilomita 4000. Kuma wannan hanyar ta kwana biyu, jirgi zai warware ta cikin minti arba'in da wani abu, in ya bi ta kan zare.

MUTANEN DA

Tsohon ya gyara zama. Ya ce a ƙuruciyarsa ya ji labarin waɗanda suka tafi da ƙafa. Wasu sun dawo da furfura, wasu ba su dawo ba.

Gaskiya ne. Kafin jirgi, mahajjatan ƙasar Hausa suna bi ta Damagaram ko Kano, su shiga Barno, su tsallaka Cadi ta Abeshe, su shiga Sudan ta Alfashir da Al'ubayyid, har bakin Bahar Maliya a Sawakin ko Port Sudan, sa'an nan su shiga jirgin ruwa. A ce ayari yana cin kilomita 30 a yini:

4000 : 30 = 133, da ɗan saura

Kwana 133, fiye da wata huɗu, in a miƙe aka bi, ba hutu, ba ciwo. Amma ba wanda ya bi a miƙe, kuma guzuri yana ƙarewa. Sai a tsaya a yi noma, ko aikin auduga a Jazira, a tara na gaba. Shi ya sa tafiyar takan ci shekaru. Da yawa sun zauna can. Garin Mai Wurno da ke bakin kogin Nil Shuɗi, mutanen da suka yi hijira daga ƙasar Sakkwato bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, kuma har yau ana jin Hausa da Fillanci a wannan yanki.

Jiragen sama na farko da suka sauka Kano sun zo ne a watan Nuwamba 1925. Guda uku ne, na sojan Ingila, daga Masar suka taso, suna yada zango a hanya. Jiragen fasinja masu farfela huɗu na bayan yaƙin duniya na biyu, irin DC-4, gudunsu wajen kilomita 350 ne a awa. Da irinsu, kilomita 4000 ya fi awa 11, ban da tsayawa shan mai. A 1961 Nijar da wasu ƙasashen Afirka suka haɗu suka kafa kamfanin Air Afrique, wanda ya yi aiki har 2002. Tsofaffin alhazai da yawa suna tuna sunansa.

Da magariba ta gabato, tsohon ya karɓi takardarsa, ya ninke, ya sa cikin jakar fata da ke wuyansa. Ya ce wa ɗansa ya rubuta masa 9, 10, 11, 12 da manyan lambobi a wata takarda dabam, wadda zai iya gani ba tare da tabarau ba.

AIKIN GIDA

Mai karatu ya ɗauki littafin rubutu ya gwada waɗannan. Wanda ya gama ya nuna wa malamin rumfarsu.

1. Yaya ake faɗin waɗannan da baki: 06h15, 15h45, 19h00, 00h30?

2. Daga Yamai zuwa Damagaram ta sama kusan kilomita 740 ne, ta hanyar mota kusan 890. Kilomita nawa ne bambancin? Jirgi mai gudun 450 a awa, zai kai awa biyu ko ba zai kai ba?

3. Daga Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3400 ne. Jirgi mai gudun 800 a awa, awa nawa da minti nawa zai yi? A tuna saura kilomita ne, sai an mai da shi minti.

4. Wata hajiya ta tashi daga Madina 23h00 ranar 20 ga wata. Zamanta cikin jirgi awa 6 ne. Ƙarfe nawa za ta sauka Yamai da agogon Nijar, kuma ranar nawa ga wata?

5. In ɗanta yana Azagor, yana son ya tarbe ta a filin jirgi, wace rana ya kamata ya bar gida?

Amsoshi za su fito cikin jarida mai zuwa.